Tarihin Tantance Abin da Ake Rubutawa a Fom na Yanar Gizo: Daga Katin Huji Zuwa Gurbin Ƙirar Gida

Gabatarwa

Da wuya a sami wani daga cikin mahalarta wannan taro da bai taɓa cika fom a yanar gizo ba, ko na rajistar ɗalibai, ko na banki, ko na neman fasfo. Haka kuma da wuya a sami wanda bai taɓa cin karo da jan rubutun nan da kan fito a ƙarƙashin gurbi ba, yana cewa abin da aka rubuta bai yi daidai ba, a sake. Wannan aiki na duba abin da mutum ya rubuta kafin a karɓa shi muke kira tantancewa a cikin wannan takarda, kuma manufarmu ita ce mu bi diddigin tarihinsa har zuwa matakin da ake kai a yau, watau zamanin guraben ƙirar gida. Abin da muke nufi da gurbin ƙirar gida shi ne wanda mai shafi ya ƙera da kansa, maimakon ya yi amfani da wanda burauza ta zo da shi.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun asali tantancewa iyayengiji biyu take yi wa bauta. Na farko shi ne na'ura, wadda ake son a tsare ta daga ɓarna. Na biyu shi ne mutumin da ke rubutu, wanda ake son a taimake shi kada ya yi kuskure. Bukatun waɗannan biyu ba ɗaya ba ne, kuma mafi yawan wahalar da aka sha a wannan fage ta samo asali ne daga ɗora wa mai gadi guda aikin duka biyun. Za mu ga kuma cewa wannan rikici ya taɓa mu Hausawa ta wata kafa da masu ƙera na'urorin ba su yi tsammani ba.

Zamanin Kati

Labarin bai fara da yanar gizo ba. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 aka yi amfani da na'urorin Herman Hollerith, inda akan ɗauki amsar da malamin ƙidaya ya rubuto a takarda, a mai da ita huji-huji a jikin kati, sa'an nan na'ura ta ƙirga. Kamfanin Hollerith na cikin waɗanda aka haɗe a 1911 aka yi kamfanin da ya koma IBM a 1924, kuma a 1928 ne IBM ya fito da katinsa mai layi 80 a tsaye, wanda ya mallaki ofisoshin lissafi na tsawon shekaru da dama.

To, na'urar ƙirga huji kawai ta sani. In yatsan mai huda kati ya zame ya huda 7 a wurin 1, haka za ta ƙirga. Maganin da aka yi wa wannan shi ne a yi aikin sau biyu. Bayan ma'aikaciya ta farko ta huda (yawancinsu mata ne), sai a kai katin da takardar asali ga ta biyu, wadda ke zaune gaban wata na'ura dabam, irin su IBM 056 ta shekarun 1950. Ita wannan ba ta huda bayani, sake buga shi take yi, na'ura na gwada abin da ta buga da hujin da ke jikin kati. In sun dace har ƙarshe, sai na'ura ta yi ɗan tsaga a gefen dama na katin, shaidar an duba. In sun saɓa, sai ta tsaya, tsagar kuma ta fito a saman layin da aka sami saɓani. Abin lura a nan shi ne, wannan dabara ba ta tambayar ko amsar gaskiya ce. Tambayarta ɗaya ce tak: shin abin da ke kati shi ne abin da ke takarda? Sauran wannan dabara na nan tare da mu, domin ita ce ta sa har yau wasu fom-fom ke cewa mutum ya rubuta kalmar sirri sau biyu.

Mataki na gaba ya fi wannan hikima, don kuwa lambar ce aka sa ta riƙa ba da shaida a kan kanta. Hans Peter Luhn, injiniya a IBM, ya nemi rajistar wata dabara a 1954, aka ba shi a 1960. Ga yadda take aiki. A ce lambar mutum 3718 ce. Sai a fara daga dama, a ninka adadi na farko sau biyu, a tsallake ɗaya, a ninka na gaba, in ninkin ya wuce 9 a cire masa 9. Watau 8 ta zama 16, ta koma 7. 1 tana nan. 7 ta zama 14, ta koma 5. 3 tana nan. Jimla 16 ke nan, saura 4 ta cika 20, saboda haka sai a liƙa 4 a ƙarshe, lambar ta zama 37184. Wannan adadi na ƙarshe shi muke kira lambar shaida. In wani ya juya ya rubuta 31784, lissafin zai ba da 23, wanda 10 ba ta raba shi daidai, nan take asiri ya tonu. Dabarar na kama duk kuskuren da ya shafi adadi guda, da kusan duk juyin adadi biyu maƙwabta, ban da juyin 09 da 90. Ita ce a jikin lambobin katin banki. Lambar asusu mai adadi 10 da Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarinta a 2010 ma, adadinta na ƙarshe lambar shaida ce, ko da yake lissafinta dabam ne da na Luhn.

A 1971 IBM ya fito da allon 3270, kuma a nan ne aka ga fom na farko mai kama da wanda muka sani. Babbar kwamfuta kan aiko da shafi sukutum, a kan fitaccen samfurinsa layi 24 mai baƙi 80 kowanne, gadon kati ke nan. Kowane gurbi na da ɗan bayani a gabansa da ke nuna ko an kulle shi, ko na adadi ne kawai, ko kuwa kada a nuna abin da ake rubutawa a ciki. Ma'aikaci kan cika, ya danna maɓalli guda, guraben da ya taɓa su tafi babbar kwamfuta. Amma fa a lura: allon na kamfani ne, wayar da ta haɗa shi da kwamfuta ta kamfani ce, mai rubutun kuma ma'aikacin kamfani ne da aka horar. Abin da ake tsoro daga gare shi kuskure ne kawai.

Fom Ya Fita Kasuwa

Yanar gizo da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN ta ƙasar Suwizalan, wadda ta fita ga jama'a a 1991, don karatu aka yi ta, in ban da wani ɗan gurbi guda na bincike. A 1993 ne burauzar Mosaic ta soma nuna fom, a shekarar kuma aka fito da tsarin CGI, watau hanyar da uwar garke, kwamfutar da ke ajiye da shafin, za ta miƙa abin da aka rubuta ga wata manhaja ta sarrafa. Sa'ad da aka buga ƙa'idar HTML 2.0 a watan Nuwamba na 1995, guraben da ke cikinta kaɗan ne: na rubutu, na kalmar sirri, na zaɓi, na ɓoye, da maɓallan aikawa da sharewa. Iyakar abin da mai shafi zai iya gindaya wa gurbin rubutu shi ne yawan baƙaƙen da zai ɗauka. Duk sauran dubawa sai fom ya isa uwar garke.

Sauyin da aka samu a nan babba ne, ko da yake ba a gane girmansa da wuri ba. Na'urar da ake rubutu a kanta ta zama ta baƙo, ba wanda ya san shi, ba wanda ya horar da shi, kuma ba dole ba ne ya zo da kyakkyawar niyya. A 1996 aka ga misalin haka a wata ƙaramar manhaja mai suna phf, ta neman lambar tarho, wadda ke zuwa kyauta tare da manhajojin uwar garke na NCSA da Apache. Masu rubuta ta sun yi jerin alamomi masu haɗari da za a tace, sai suka mance da guda ɗaya, alamar sabon layi. Ɗan kutse kan sa wannan alama a cikin abin da ya aika, ya bi ta da umarni, kwamfuta ta ɗauka sabon aiki aka ba ta, ta aikata. Darasin da masana suka ɗauka shi ne, lissafa abin da aka hana ba ya ƙarewa, gara a lissafa abin da aka yarda da shi. Darasi ne mai kyau ga na'ura. Za mu ga abin da ya jawo wa mutane nan gaba kaɗan.

Ta wajen mai rubutu kuwa, matsalar jira ce. Da modam mai gudun 28,800 a daƙiƙa, mutum kan aika fom, ya zauna, sa'an nan amsa ta dawo cewa ya bar gurbi guda fayau, wani lokaci ma duk abin da ya rubuta ya goge. A watan Mayu na 1995 Brendan Eich ya tsara wani harshen manhaja a kamfanin Netscape cikin kwana 10, wanda a watan Disamba aka raɗa masa suna JavaScript. Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa na farko shi ne duba fom a cikin burauza tun kafin a aika. Ga mai rubutu wannan rahama ce. Sai dai masu shafuka da yawa suka ɗauka sun sami mai gadi, alhali ɗan rakiya suka samu. Duk abin da ke gudana a burauza yana hannun mai burauzar ne, yana iya kashe JavaScript, yana iya ma aika saƙonsa kai tsaye ba tare da ya buɗe shafin ba. Wajen 2000 an gano shagunan intanet da dama da ke ajiye farashin kaya a gurbin ɓoye, ta yadda mai saye zai iya gyara kuɗin da hannunsa kafin ya aika.

Hamza ta Shiga Uku

Yanzu mun zo inda tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Yawancin abin da aka rubuta a fom rumbun bayanai yake tafiya, kuma harshen da ake yi wa rumbun magana da shi, watau SQL, yana amfani da wata 'yar alama ta sama don nuna farkon zance da ƙarshensa. Wannan alama ita ce dai wadda muke rubuta hamza da ita a boko. A ce manhaja ta ɗauki sunan da ɗalibi ya rubuta ta cusa shi tsakanin alamomin biyu, tana cewa a nemo mai suna 'Musa'. Lafiya lau. In kuwa sunansa Sa'adu, abin da rumbu zai gani shi ne 'Sa'adu', sai ya karanta Sa a matsayin suna, ya ga an rufe zance, ya ɗauki adu a matsayin umarni, bai gane shi ba, aiki ya tsaya. Sa'adu bai yi laifin komai ba. Amma wanda ya gane wannan rauni yana iya rubuta hamza da gangan, ya bi ta da umarni na gaske, rumbu ya zazzage masa abin da ke cikinsa. A watan Disamba na 1998 mujallar Phrack, a fitowarta ta 54, ta buga bayanin wannan dabara, wanda Jeff Forristal ya rubuta da sunan aro. Ɓarnar da ta biyo baya ba ƙarama ba ce. Ta wannan kafa aka shiga kamfanin Heartland na Amurka, inda a farkon 2009 aka bayyana satar da ta shafi katin banki kimanin miliyan 130. Ta ita kuma aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin TalkTalk na Ingila a 2015, har hukuma ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016.

Maganin gaskiya sananne ne, kuma yana can wajen uwar garke: a aika wa rumbu umarni dabam, a aika masa bayani dabam, ta yadda ko me mutum ya rubuta ba za a taɓa karanta shi a matsayin umarni ba. In an yi haka, hamza ba ta da wani haɗari. To amma hanyar da ta fi sauƙi ita aka fi bi. Harshen PHP ya daɗe yana zuwa da wani tsari da ke liƙa karkatacciyar sanda a gaban kowace hamza da kansa, abin da ya zama gyaran gangar Abzinawa, domin sai aka riƙa ganin Sa\'adu a takardun da aka buga, wani lokaci ma sandunan su yi ta ninkuwa duk sa'ad da aka sake ajiye sunan. A 2009 aka ce a daina amfani da tsarin, a 2012 aka cire shi ɗungurungum. Wasu kuwa ko wannan wahala ba su sha ba, sai kawai suka sa doka a gurbin suna cewa baƙaƙen Ingilishi 26 kaɗai aka yarda da su.

A nan ne iyayengijin nan biyu suka yi karo. An ɗauki aikin tsaron rumbu, wanda na uwar garke ne, an ɗora wa gurbin suna, shi kuma gurbin ya juya yana gaya wa Mu'azu da Asma'u da Sa'adatu cewa sunansu ba daidai ba ne. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Mutanen ƙasar Ailan masu suna irin su O'Brien sun daɗe suna wannan kuka, kuma a 2010 Patrick McKenzie ya rubuta wata maƙala da ta yi suna a kan ƙarairayin da masu rubuta manhaja suka yarda da su game da sunayen mutane. Sai dai namu ya ɗara nasu, don ban da hamza muna da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Tsarin ASCII na 1963 mai gurbi 128 bai san da su ba. Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya san su, amma gajeriyar alamar da masu JavaScript suka saba sawa in suna nufin kowane baƙi, har yau baƙaƙen Ingilishi da adadi da layin ƙasa kawai take ɗauka. Mu da ke koyarwa a kwalejojin ilimi mun san sakamakon: ɗalibi ya koyi rubuta Ɗanladi da ƙugiya a aji, ya je gaban fom ya koyi cewa sai ya cire ta zai wuce, daga nan kuma takardunsa su riƙa saɓa wa juna.

Wannan cuta ba ta tsaya ga suna ba. Lambar gidan waya ta Amurka, wadda aka soma a 1963, adadi 5 ce, ta Nijeriya 6, ta Ingila haɗin baƙi da adadi, Ailan kuwa sai a 2015 ta yi tsarin da ya game ƙasa. Lambobin wayar hannu na GSM a Nijeriya da 080 suka fara a 2001, daga baya aka sami 070 da 081 da 090 da 091, kuma duk gurbin da aka kulle a kan na farkon ya wayi gari yana korar masu gaskiya.

Burauza ta Karɓi Aiki

Bayan shekara kusan 10 kowa na rubuta nasa mai dubawa, sai aka ga ya kamata burauza ta ɗauki nauyin. Ƙungiyar W3C ta fito da XForms a 2003, tsari mai zurfi, amma bai jitu da shafukan da ke akwai ba, manyan burauzoji kuma ba su rungume shi ba. A watan Yuni na 2004 kamfanonin Mozilla da Opera suka kai shawarar a faɗaɗa HTML ɗin da ake da shi, taron W3C ya ƙi, sai suka haɗu da mutanen Apple suka kafa ƙungiyar WHATWG. Ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne Web Forms 2.0, wanda Ian Hickson ya tsara, daga baya aka narkar da shi cikin HTML5, wadda W3C ɗin da kanta ta amince da ita a watan Oktoba na 2014.

Da wannan, kalma guda ta isa a ce gurbi dole ne a cika shi, ko a sa masa iyaka ta sama da ta ƙasa, ko a ba shi zubin da rubutu zai bi, ko a ce na imel ne ko na kwanan wata. An kuma ware dalilai 10 da za su sa a ƙi abin da aka rubuta, kamar barin gurbi fayau, ko wuce iyaka, ko saɓa wa zubi, kowanne da tutarsa. In tuta ɗaya ta tashi, burauza ba ta aika fom ɗin, sai ta kai mutum kan gurbin, ta nuna masa saƙo. Wani abin sha'awa shi ne, wajen bayyana adireshin imel, masu ƙa'idar sun faɗi a fili cewa da gangan suka saɓa wa tsohuwar ƙa'idar imel, domin ta yi tsauri a wani wuri, ta yi sako-sako a wani. Watau su ma sun yarda cewa abin da ake kira daidai zaɓi ne da wasu suka zauna suka yi.

Aikin bai tafi sumul ba. Safari bai soma hana aika fom mai kuskure ba sai a 2017. Saƙon da burauza ke nunawa da harshen burauzar yake fita, ba da harshen shafin ba, mai shafi kuma ba shi da ikon sauya kamanninsa. A 2020 masu tsara shafukan gwamnatin Birtaniya suka bayyana dalilansu na barin gurbin adadi, ciki har da cewa juya tayar linzami bisa kuskure na iya sauya abin da mutum ya rubuta bai sani ba. Lambar asusu da lambar waya ma ai ba adadi ba ne da ake tarawa ko a ɗebe, suna ne da aka rubuta da alƙaluma, in aka ɗauke su a matsayin adadi sifilin farko ya tafi.

Gurbin Ƙirar Gida

Waɗannan gazawa, haɗe da son ado, su suka sa masu shafuka ba su taɓa daina ƙera nasu guraben ba. Jerin zaɓi na burauza, alal misali, ya yi shekaru ba ya karɓar kwalliya, sai a 2025 Chrome 135 ya buɗe ƙofar haka. Don haka da jQuery na 2006, da AngularJS na 2010, da React na 2013, aka yi ta gina abubuwa masu kama da gurbi daga tubalan da burauza ba ta ɗauke su gurbi ba. Ido ba zai bambance ba. Amma abin da aka ƙera haka, fom bai san da zamansa ba: ba a aika abin da ke cikinsa, maɓallin sharewa ba ya share shi, tutocin nan 10 ba su shafe shi ba, manhajar da ke karanta wa makaho allo kuma ba ta da labarin an yi kuskure sai in maƙeri ya tuna ya gaya mata. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na 2008 sun nemi a nuna gurbin da aka yi kuskure a kuma bayyana kuskuren da rubutu, jan launi kaɗai bai wadatar ba. Duk wannan sai a sake gina shi da hannu. Ana tufka ana warwara ke nan.

A 2011 Alex Russell ya gabatar da shawarar a ba masu shafuka ikon ƙirƙiro nasu gaɓoɓin HTML a hukumance. Chrome ya karɓi daidaitaccen tsarin a 2016, Safari a 2017, Firefox a 2018. Tsarin ya zo da wata danga, wadda ake kira Shadow DOM, mai raba cikin gaɓa da sauran shafi don kada adon wani ya ɓata na wani. Sai ga shi dangar ta haifi sabuwar matsala: ko da maƙeri ya sa gurbi na ainihi a cikin gaɓarsa, fom ɗin da ke waje ba ya ganinsa. Dabarar da aka riƙa yi ita ce a dasa gurbin ɓoye a wajen danga, a riƙa kwafa masa abin da aka rubuta a ciki. Wannan na aika bayani, amma burauza ba ta tantance gurbin ɓoye. An kuma yi shawarar a bari mutum ya gaji gurbi na ainihi ya ƙara masa hali, Chrome da Firefox suka yarda, masu Safari suka ƙi.

Mafitar da aka tsaya a kai ita ce ElementInternals, wadda ta fara fita a Chrome 77 a watan Satumba na 2019, Firefox ya cika ta a 2022, Safari 16.4 ya biyo a watan Maris na 2023. Watau shekara 30 bayan fom ɗin Mosaic ne gurbin ƙirar gida ya zama ɗan gida a dukan manyan burauzoji. Yadda take aiki shi ne, gaɓa kan sanar cewa ita ta fom ce, sai burauza ta ba ta wata kafa ta sirri. Ta wannan kafa take gaya wa fom abin da za a aika, ta nan kuma take ɗaga tuta in ta ga kuskure, tare da abu biyu: saƙon da za a nuna, da wurin da ke cikin danga da za a kai mutum. In ta ɗaga tuta ba saƙo, burauza ba ta karɓa. Wannan sharaɗi, a ganinmu, shi ne wuri mafi kyau a cikin ƙa'idar, don ya hana a ƙi mutum ba a gaya masa dalili ba. Akan kuma sanar da gaɓar in an share fom, ko an kashe shi, ko burauza na son mai do da abin da aka rubuta bayan an koma baya.

Amma kada a ɗauka an gama. Burauza ba ta duba komai a madadin gaɓar, hukuncin da gaɓar ta yanke kawai take zartarwa. Ko sanin cewa gurbi fayau yake, sai maƙeri ya rubuta. Aika fom da danna maɓallin shigarwa ma bai zo cikin tsarin 2019 ba. Haka nan in saƙon kuskure na waje da danga, gurbin na ciki, hanyar da aka saba haɗa su da lamba don makaho ya ji ba ta ƙetare dangar. Batun lokaci ma ya daɗe yana damun mutane, domin tsohuwar alamar ado kan sa gurbi ya yi ja tun mutum bai taɓa shi ba. Sai a 2023 dukan manyan burauzoji suka sami alamar da ke jira har mutum ya gama da gurbin. Uwar garke kuwa aikinta na nan daram, domin gaɓar, kome kyanta, a na'urar baƙo take gudana, kamar dai JavaScript na 1995.

Ta wajenmu, ƙirar gida ta buɗe wata ƙofa. Tun da maƙeri ne ke rubuta saƙo da doka, ana iya ƙera gurbin suna guda mai magana da Hausa, a yi amfani da shi a shafuka da yawa. Tun 2018 JavaScript na da alamar da ke nufin baƙi na kowane harshe, wadda ke karɓar ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar a wurin da mu a Nijeriya muke rubuta 'y. Hamza ce dai har yanzu ke neman kulawa ta musamman, domin a Unicode alamomi uku ake rubuta ta da su. Akwai miƙaƙƙiya ta ASCII, wadda ita ce ta rikita SQL. Akwai lanƙwasasshiya ta masu ɗab'i, wadda wayoyin iPhone suka soma sawa da kansu a 2017. Akwai kuma ta uku, mai lamba 02BC, wadda ita kaɗai Unicode ya lissafa a cikin baƙaƙe, sauran biyun alamomin rubutu ya ɗauke su. Saboda haka alamar nan ta 2018 ta ukun kawai za ta bari ta wuce, ita kuwa ba ta kan yawancin allunan madannai. Ɗalibi guda na iya rubuta Sa'adu a waya biyu, ido ya ga suna ɗaya, rumbu ya ga biyu. Gurbin da za a ƙera mana sai ya karɓi duka ukun, sa'an nan a zaɓi guda a mai da sauran gare ta kafin a ajiye, kuma dole uwar garke ta yi irin wannan zaɓi daidai wa daida, in ba haka ba wanda ya yi rajista da waya ba zai sami sunansa ba ran da ya nema da kwamfutar ofis.